Wake da maganin ƙwari: Bayani kan dokokin ingancin amfanin gona da manoman ƙasar Danko

A watan Yunin 2015 ne Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Nijeriya zuwa ƙasashenta, bisa hujjar cewa ana samun ragowar maganin ƙwari a jikinsa fiye da yadda dokarta ta amince.

Da farko an ce matakin na shekara guda ne. Sai dai a 2016 an tsawaita shi zuwa ƙarshen watan Yunin 2019, daga nan kuma aka sake ƙara wa'adin zuwa 2022.

A birnin Brussels aka yanke hukuncin, amma waɗanda ya shafa suna can a yankuna irin su ƙasar Danko da ke kudu maso gabashin jihar Kebbi, inda akasarin jama'a suka dogara ga noman hatsi da wake.

Danko na ɗaya daga cikin ƙasashen sarauta biyar da suka haɗu suka yi masarautar Zuru, sauran su ne Dabai da Fakai da Sakaba da Wasagu. A tsarin mulki kuma tana cikin ƙaramar hukumar Danko-Wasagu mai hedkwata a Ribah, wadda ƙidayar jama'a ta 2006 ta nuna tana da mutane fiye da 265,000.

Yanki ne mai isasshen ruwan sama idan aka kwatanta da arewacin jihar, kuma ana noma dawa da masara da gero da gyaɗa da shinkafa da wake. Daga kasuwanni irin su Bena ake lodin hatsi a manyan motoci zuwa biranen ƙasar.

Abin da aka samu a jikin waken

Sinadarin da ya jawo takunkumin shi ne dichlorvos, wanda ake taƙaita sunansa da DDVP. Shi ne a cikin maganin nan da ake kira Sniper, kuma da shi ake haɗa fiya-fiya da ake fesawa a ɗakuna don korar sauro.

Tarayyar Turai ta ce daga watan Janairun 2013 zuwa lokacin da ta ɗauki matakin, ƙasashenta sun aike da gargaɗi fiye da 50 game da waken Nijeriya, kuma kusan dukkansu a kan wannan sinadari ne.

Iyakar da dokar Turai ta amince da ita ita ce miligiram 0.01 a kowane kilo na wake. Wato ke nan miligiram ɗaya tak a buhu mai kilo ɗari. A waken da aka gwada kuwa an samu daga miligiram 0.03 har zuwa 4.6 a kilo, wanda ke nufin mafi muninsa ya ninka iyakar sau 460.

Wannan adadi na 0.01 yana da ma'ana ta musamman. Tun a 2007 Tarayyar Turai ta janye amincewarta da amfani da dichlorvos a kan amfanin gona, kuma bisa ƙa'idarta duk maganin da ba a amince da shi ba akan ajiye iyakarsa a daidai mafi ƙanƙantar abin da na'urar gwaji za ta iya ganowa. A taƙaice dai, ba a son a ga ko alamarsa.

Dichlorvos yana kashe ƙwaro ne ta hanyar toshe wani sinadari da jijiyoyi ke buƙata don aikewa da saƙo a jiki. Haka kuma yake yi wa ɗan Adam idan ya shiga jikinsa da yawa: amai da gudawa da zubar yawu da jiri, sai ƙuncin numfashi, wani lokaci har da farfaɗiya da mutuwa.

Me ya sa ake zuba shi

Duk wanda ya taɓa ajiye wake ya san dalilin. Ƙwaron wake yakan fara kama shi tun yana gona, ya biyo shi har rumbu. Macen ƙwaron takan saka ƙwai da dama a bayan ƙwayar wake, tsutsar ta huda ta shiga ciki tana ci, kuma cikin kimanin wata guda ta fito a matsayin sabon ƙwaro da zai sake saka nasa ƙwan.

Buhun da aka bari haka nan, cikin 'yan watanni zai koma huji da gari. Mai saye kuwa da ya damƙi wake ya ga huji sai ya karya farashi.

A lokacin kaka wake yana araha saboda kowa ya kawo nasa kasuwa, kuma yakan yi tsada idan aka doshi damina. Ribar manomi da ta ɗan kasuwa tana cikin iya riƙe kayan na waɗannan watanni. Kwalbar magani guda mai rahusa tana ba su wannan dama, don haka sukan tsarma shi da ruwa su yayyafa, wasu ma su tsiyaya shi kai tsaye su cakuɗa.

Matsalar takan ninku ne saboda buhu guda yana ratsa hannaye da yawa. Manomi ya sa magani kafin ya kai kasuwa. Dillalin da ya tara kayan bai san an sa ba, ko kuma bai yarda an sa isasshe ba, sai ya ƙara. Babban ɗan kasuwar da ya zuba a sito shi ma ya ƙara nasa. Kafin wake ya isa tashar jiragen ruwa ta Legas, ko tukunyar mai ƙosai, mai yiwuwa ya sha magani sau uku.

Kazalika buhun ba ya ɗauke da sunan gona ko ƙauyen da ya fito. Waken manomin da ya kiyaye da na wanda bai kiyaye ba a tsibi ɗaya ake juye su. Wannan ne ya sa hukuncin Turai ya faɗa kan ƙasa baki ɗaya, mai laifi da marar laifi.

Akwai kuma ƙwayar nan ta aluminium phosphide da wasu manoma ke kira bom. Ita hayaƙi mai guba take fitarwa idan ta haɗu da danshin iska, kuma an yi ta ne don rufaffen sito da ke nesa da wurin kwanan jama'a, a hannun wanda aka koya wa aikin. Haɗarinta ya fi yawa ne idan aka jefa ta cikin buhunan da ke jingine a ɗakin da iyali ke kwana, abin da ke ƙara yawaita a wuraren da tsoron ɓarayi ya sa aka daina barin amfani a rumbun waje.

Kafin Turai ta yi magana

Ba Turawa ne suka fara ganin illar ba. A 2008 an kwantar da ɗalibai mata fiye da ɗari na makarantar sakandaren gwamnati ta Doma a jihar Gombe a asibiti bayan sun ci wake, kuma binciken hukumar kula da ingancin abinci da magunguna ta ƙasa, NAFDAC, ya gano sinadarin lindane, wanda aka fi sani da gamalin. A shekarar ce kuma aka samu makamancin haka a Bekwarra ta jihar Kuros Riba, inda yara biyu suka rasu.

Bayan waɗannan abubuwa ne hukumar, ƙarƙashin shugabancin Farfesa Dora Akunyili, ta haramta magungunan gona guda 30, ciki har da lindane da endosulfan da DDT da aldrin da dieldrin.

A watan Nuwamban 2018 batun ya sake tasowa, lokacin da wani hoton bidiyo da ya bazu ya nuna 'yan kasuwa a Legas suna zuba Sniper a kan wake. Hukumar kare haƙƙin masu saye ta wancan lokaci ta fitar da gargaɗi ga jama'a, kuma a 2019 NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalaben dichlorvos na aikin gona a kasuwanni da kantuna, matakin da yawaitar masu kashe kansu da maganin shi ma ya taimaka wajen jawowa.

A 2023 hukumar ta sanar da jadawalin janye wasu magungunan daga kasuwa: paraquat mai ƙone ciyawa daga farkon 2024, chlorpyrifos daga watan Nuwamban 2024, sai atrazine daga farkon 2025. Na farko da na ukun magungunan ciyawa ne da manoman masara da dawa suka saba da su ƙwarai, tun da kuɗin ƙodago ya yi tsada.

Wa ke da alhakin me

Nijeriya ba ta rasa dokoki ba. Akwai dokar abinci da magunguna ta 1974. Akwai dokar 1993 da ta kafa NAFDAC, wadda ta ba ta ikon yi wa kowane maganin ƙwari rajista kafin a shigo da shi ko a sayar. Hukumar SON, wadda aka kafa a 1971, ita ke tsara ma'aunin ingancin kaya. Hukumar NAQS kuma ita ke duba amfanin gona a tashoshin jiragen ruwa da na sama da kan iyakoki, ta ba da takardar shaidar lafiyar kayan da za a fitar. A 2014 gwamnatin tarayya ta fitar da manufar ƙasa kan tsaftar abinci da nufin haɗa kan waɗannan hukumomi.

Ma'aunin da ƙasashe ke komawa gare shi idan an samu saɓani shi ne kundin Codex, wanda hukumar abinci da aikin gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya da hukumar lafiya ta duniya suka kafa a 1963. Nijeriya mamba ce, sai dai ƙasa na da damar tsaurara nata ma'aunin fiye da na Codex idan ta kawo hujjar kimiyya, kuma Tarayyar Turai na yawan yin hakan.

Idan aka dubi jerin nan za a ga inda giɓin yake. Ƙarfin hukumomin tarayya ya taru ne a masana'anta da tashar jirgi. Ɗanyen waken da ake aunawa da mudu a kasuwar ƙauye ba ya ɗauke da lambar rajista, kuma babu wanda ke gwada shi.

Kundin tsarin mulki na 1999 ya ɗora kula da kasuwanni da mahauta da wuraren sayar da abinci a kan ƙananan hukumomi. Ke nan a Danko-Wasagu aikin ya faɗa kan jami'an duba-gari. Duba-gari kuwa zai iya ganin ƙazanta da ruɓaɓɓen nama da idonsa, amma ragowar magani a jikin wake sai da na'urar ɗakin gwaji.

Wayar da kan manomi kuma aikin malaman gona ne na hukumar raya aikin gona ta jihar Kebbi, KARDA, da cibiyoyi irin su Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya da ke Zuru, wadda aka kafa a 2020 a harabar tsohuwar kwalejin aikin gona ta garin. Malaman gona sun yi ƙaranci a duk faɗin ƙasar, saboda haka a aikace mai sayar da magani a kasuwa shi ne malamin da manomi ya fi gani, kuma shi burinsa ciniki.

A Amurka abin ya sha bamban. Dokar da Shugaba Barack Obama ya sa wa hannu a watan Janairun 2011, da ƙa'idojin da suka biyo bayanta a 2015, sun shiga har cikin gonar kayan lambu: ingancin ruwan ban-ruwa, yadda ake sarrafa takin gida, tsaftar ma'aikata, da hana dabbobi shiga shuka. Amma ko a can an keɓe ƙananan gonakin da cinikinsu bai wuce kimanin dala 25,000 a shekara ba. Da wannan ma'auni za a auna ƙasar Danko, da kusan kowane manomi ya fita daga ƙarƙashin dokar. Wannan na nuna cewa a inda noma ke hannun dubban ƙananan manoma, sufeto shi kaɗai ba zai gyara lamarin ba, sai an ba manomin hanyar da ta fi masa riba.

Abin da ke rubuce a jikin kwalba

Kowane maganin da aka yi wa rajista yana ɗauke da ƙa'idojinsa: irin shukar da aka yi shi dominta, yawan da za a zuba a tankin feshi, da kwanakin da za a jira tsakanin feshin ƙarshe da girbi. Wannan jira shi ne ke bai wa maganin damar lalacewa kafin abincin ya isa baki, kuma ya fi muhimmanci ga masu noman rani na tumatir da kuɓewa da alayyafo, waɗanda ake tsinka yau a ci gobe.

A ƙasan takardar kwalbar akwai zane mai launi da ke nuna girman haɗari: ja shi ne mafi haɗari, sai rawaya, sai shuɗi, sai kore. An yi launin ne don wanda ba ya karatu. Sauran bayanan kuwa akasari da Turanci suke, cikin ƙananan haruffa, kuma da yawa daga cikin manoma ba a ainihin kwalbar suke saye ba, ana tsiyaya musu ne a robar lemo.

Gubar da ba a zuba ta

Ba duk guba ce ɗan Adam ke sawa da hannunsa ba. Gyaɗa da masara na fuskantar wata mai suna aflatoxin, wadda wani nau'in fumfuna da ke zaune a ƙasa ke haifarwa, musamman idan fari ya kama shuka dab da girbi ko kuma aka adana amfanin da sauran danshi.

An gano ta ne bayan 1960, lokacin da talotalo kimanin 100,000 suka mutu a Ingila sakamakon cin abincin da aka haɗa da tunkuzar gyaɗa daga Brazil. A 2004 gurɓatacciyar masara ta kashe mutane 125 a gabashin Kenya. Cin ta kaɗan-kaɗan na tsawon shekaru kuma yana jawo ciwon dajin hanta, kuma haɗarin ya fi tsanani ga masu ɗauke da cutar hanta nau'in B. Dafuwa ko suya ba sa kashe ta.

Turai ta ƙayyade maikirogiram 4 a kilo ga gyaɗar da za a ci kai tsaye, yayin da Codex ya amince da 15 ga wadda za a sake sarrafawa. Wannan na daga cikin abubuwan da suka sa gyaɗar arewa ta kasa komawa kasuwar Turai da ƙarfinta na zamanin dalar gyaɗa ta Kano.

Abin takaici a nan shi ne inda gyaɗar da aka tsince take zuwa. Mai kyau ta tafi kasuwa, ƙanjamammiya da mai baƙin ciki kuma, wadda ita ce ta fi ɗaukar gubar, ta koma gida a yi mai da ƙuli-ƙuli da ita, yara su ci.

Cibiyar binciken aikin gona ta IITA da ke Ibadan ta samar da wani magani mai suna Aflasafe, wanda aka yi wa rajista a Nijeriya a 2014. Ƙwayar dawa ce da aka lulluɓe da irin fumfunar da ba ta fitar da guba. Ana watsa kilo 10 a kadada guda makonni biyu zuwa uku kafin shuka ta yi fure, sai marar gubar ta mamaye gonar ta hana mai gubar wuri. Gwaje-gwajen cibiyar sun nuna yana rage gubar da kashi 80 cikin ɗari ko fiye. Duk da haka ba ya ɗauke wajibcin shanya a kan tamfol maimakon ƙasa ko gefen kwalta, da tabbatar da bushewa kafin a ɗinke buhu.

Ajiya ba tare da magani ba

Ga wake, mafitar da ta fi karɓuwa ita ce buhu mai ruɓi uku da ake kira PICS. Masana daga Jami'ar Purdue ta Amurka, ƙarƙashin Farfesa Larry Murdock, suka ƙirƙiro shi tare da takwarorinsu a arewacin Kamaru a ƙarshen shekarun 1980, kuma an soma yaɗa shi sosai a Afirka ta Yamma daga 2007 da tallafin Gidauniyar Bill da Melinda Gates. Kamfanin Lela Agro na Kano na cikin waɗanda suka fara ƙera shi.

Leda biyu ne masu kauri a cikin buhu na waje. Ana zuba busasshen wake, a matse iska, a ɗaure kowace leda daban. Ƙwarin da ke ciki sukan shanye iskar da ta rage, su daina ci da haihuwa, su bushe su mutu. Sharaɗin shi ne kada ledar ta huje, don haka ake ɗora buhun a kan katako nesa da ɓera, kuma ba a buɗe shi sai ranar buƙata. Idan an kula da shi yakan yi kaka fiye da ɗaya.

Dabarar ba baƙuwa ba ce. Manoma sun daɗe suna toshe wake a ganga ko jarka, wasu kuma su cakuɗa shi da tankaɗaɗɗiyar toka, kwano da kwano. Bincike ya kuma nuna cewa shimfiɗa wake a kan baƙar leda a rufe da fara a tsakar rana yana kashe ƙwaron da ƙwansa, muddin zafin ya kai digiri 57 na tsawon sa'a guda.

A gona kuma, cibiyar binciken aikin gona ta Samaru da ke Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta fitar da irin wake mai suna SAMPEA 20-T a watan Disamban 2019. An sauya masa ƙwayar halitta don ya jure wa tsutsar da ke cin fure da kwanson wake, abin da masu binciken suka ce yana rage feshi daga sau shida ko takwas zuwa sau biyu. Akwai ƙungiyoyin da ke adawa da irin wannan iri, kuma muhawarar ba ta ƙare ba. Ko ma dai yaya, irin ba ya kare wake daga ƙwaron rumbu.

Tsaro da kasuwa

A ƙasar Danko akwai wani abin da ke gaban duk waɗannan. Yankin na iyaka da dazuzzukan jihohin Zamfara da Neja, kuma ya sha fama da hare-haren 'yan bindiga. A watan Yunin 2021 rundunar 'yan sandan jihar Kebbi ta tabbatar da kisan mutane 88 a wasu ƙauyukan Danko-Wasagu a hari guda.

Manomin da ke tsoron zuwa gona yakan girbe amfani da wuri, tun bai gama bushewa ba, ya kwashe shi cikin gaggawa ya cusa a ɗaki a cikin gari. Danshi ke nan ga masara da gyaɗa, cunkoso ga wake, sannan malamin gona ba ya iya kaiwa ƙauyen.

A watan Maris na 2024 shugabar ƙungiyar cinikayya ta duniya, Dokta Ngozi Okonjo-Iweala, ta ƙaddamar da wani shiri na dala miliyan 1.2 a Abuja, tare da hukumar bunƙasa fitar da kayayyaki ta Nijeriya, don taimaka wa manoman wake da riɗi su cika ƙa'idojin kasuwannin waje. A lokacin, takunkumin Turai kan wake yana nan daram, riɗin Nijeriya kuma yana fuskantar ƙarin bincike a iyakokin Turai saboda ƙwayar cutar salmonella.

Nijeriya ce kan gaba a duniya wajen noman wake, Jamhuriyar Nijar na biye da ita, kuma kusan dukkan abin da ake nomawa a cikin gida ake cinye shi, a ƙosai da alale da ɗanwake da shinkafa da wake. Abin da ake fitarwa zuwa Turai kafin 2015 ɗan kaɗan ne, akasari domin 'yan Nijeriya mazauna can, kuma shi kaɗai ne kason da ake kaiwa ɗakin gwaji a kai a kai.